Ordinatar da Aka Ce Rabin Gudu Take Yi

Ni na goyi ƙanena. Uwarmu ta rasu yana rarrafe, ni kuwa ko ƙirgen dangi ban fara ba, aka ɗaura mini shi a baya aka ce in je in yi ta jijjiga. Saboda haka in na ce na san mutumin nan, ba sanin gaisuwa nake nufi ba. Na san kukansa na yunwa, na san na ƙarya, kuma tun yana ƙarami na ƙaryar bai iya ba.

Da ya girma ya zama dillali a kara, kasuwar dabbobin Dakoro. Makiyaya su gangaro daga arewa da shanu da raƙuma su sauka gidansa, ƴan kudu su zo saye, shi ya tsaya a tsakani. Ba shago, ba takarda, ko baƙi ɗaya bai iya karantawa ba. Bakinsa ne jarinsa. In ya ce bijimin nan zai ja guga, to zai ja. In ya ce saniyar nan tari gare ta, mai ita ya yi ta zagi, shi dai ya faɗa. Da yake kuma yana yawan bin dabbobi zuwa Maradi, shi ne mai ɗaukar sautun unguwarmu kaf. Mata su ba shi na atamfa da kwanuka, tsofaffi na maganin hawan jini. Ba ya rubutawa, ba ya mantawa. Wata rana ma a saman mota ya dawo rungume da katifar wata, kamar shi za a kai ɗaki.

Babban ɗana magidanci ne. Ya yi ci-rani a Agadas, ya dawo da ɗan abin da ya buɗe shago kusa da tasha. Fotokofi, buga takardu, tura finafinai da wa'azi a salula, daga baya ya fara haɗa bidiyon biki. Yana da wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, wadda in ka ba ta aiki sai ka je ka yi alwala ka yi salla ka dawo ka tarar tana nishi. Ya ƙudura sai ya canza ta. Ya daidaita ta waya da wani mai haɗa su a Maradi, sannan ya zo gidana ya tarar da kawunsa yana shan fura, ya ba shi sautu.

"Kawu, abu guda za ka riƙe mini. Memuwar ɗinta. Ka ce mishi dubu da ɗari shida. In ba ita ba ce, kar ka amso."

"Dubu da ɗari shida na mi? Awaki?"

"Gudunta ke nan."

"Abin da ke zaune cikin ɗaki har gudu gare shi? To. Dubu da ɗari shida. Na riƙe."

A kan cinyarsa ya kawo ta tun daga Maradi, nannaɗe cikin bargo, bai yarda an ɗora ta sama da buhuna ba. Ya sauko ƙafafunsa sun sage, yana ɗingishi yana dariya, wai ko amarya bai taɓa riƙewa haka ba. Ya ce sai da ya sa mai shagon ya buɗe cikinta, sannan ya tsayar da wani mai wucewa ya karanta masa lambar, don kar ya dogara da bakin mai kaya kaɗai.

Ta yi aiki, gaskiya ta yi aiki. Bidiyon da tsohuwar ke yini a kansa, wannan kafin shayi ya nuna ta gama. Ɗana har ya fara ƙiba. Ya taɓa zaunar da ni ya yi mini bayanin cikinta. Ya ce akwai inda take tara komai, wannan kamar rumbu ne. Akwai kuma wani siririn abu kore mai haƙoran zinariya kamar mataji, baret suke ce masa, shi ne memuwar. Wannan kamar faifan da mai tuwo ke ajiyewa kusa da ita ne, ta zuba abin da hannunta ke kai. In faifan na da faɗi, hannu kuma na da sauri, tuwo ba ya jira. Na gane. Ba a yi mini bayanin girki sau biyu.

Fitinar ta shigo ne da abokinsa mai ɗaukar hoto, wanda suke raba benci ɗaya a shagon. Dogo ne mai yawan sani, irin mutanen da ko abin da ke cikin kabari ka tambaye su za su ba ka amsa. Shi ya sa wa na'urar wata manhaja mai tono abin da ke cikinta ta baje a ekaran, wato fuskar na'urar. Ranar na kawo abincin rana da kaina, surukata ba ta jin daɗi, na tarar sun kwance gefen na'urar sun haɗa kai kamar masu duba majinyaci.

"Inna, zo ki gani da idonki, tunda kin iya karatu," in ji ɗana.

Karatun nan nawa sai da na aurar da ƴaƴa na same shi, a kur dadil, karatun manya, cikin rumfar zana, malamin sa'an ɗan cikina ne, yana ce mini in sake. Na sha wuya kafin baƙaƙe su tsaya mini wuri ɗaya, amma lambobi ban taɓa jin tsoronsu ba. Na sa tabarau na duƙa. A jikin baret, kan ƴar farar takarda da aka manna, dubu da ɗari shida. Na ɗago na dubi inda yatsan mai hoto yake a ekaran. Ɗari takwas.

"Rabi ke nan cif," in ji mai hoto. "Ita manhaja ba ta karanta takarda, awo take yi. Takarda kowa na iya manna ta."

"To mai shagon ya cuce mu," na ce.

"Ko kuma..." Ya ɗaga kafaɗa. "Mai ɗari takwas dai ta fi araha, Inna. Wanda aka aika shi ya san wadda ya saya."

Na ce masa in ya ƙarasa maganar nan, miyar da ke hannuna a kansa za ta ƙare. Bai ƙarasa ba. Amma na dubi fuskar ɗana na ga shi ya ƙarasa ta a cikinsa.

Ɗana ba mugu ba ne, sai dai baki gare shi in yana cikin abokai. Ya faɗa a fadarsu ta shayi, wai cikin wasa, cewa ya ba Kawu sautun doki ya kawo masa jaki. Fada kuwa ba ta da ƙofa. Kafin ranar kasuwa ta zagayo maganar ta isa kara, kuma a hanya ta yi ƙiba: an ce dillali ya cinye rabin sautun ɗan yayarsa.

Ƙanena ya zo gidana da hantsi. Bai yi sallamar nan tasa mai kama da waƙa ba, kuma ya ƙi tabarma. Na aika aka kira ɗana.

"Maimaita," ya ce masa. "Gaban uwarka. Abin da ka faɗa a fada."

"Kawu, ni ban ce kai ne ba. Na ce dai na'ura ta nuna ɗari takwas."

"Ka ce jaki."

"Wasa ne."

"Da sunana kake wasa? Ni na riƙe ƙafafunka ran da aka yi maka kaciya, ka jiƙa mini riga da fitsari."

Na tashi na kwaɗa wa ɗana mari, magidanci da gemunsa, kuma har yau ban yi da-na-sani ba. Na ce ya durƙusa. Ya durƙusa, amma kansa bai sauka ba.

"Inna, ki kashe ni in kina so. Ke ma kin karanta. Nawa kika gani?"

Me zan ce? Ɗari takwas na gani.

Ƙanena ya ciro salula ya kira mai shagon Maradi, ya buɗe murya kowa ya ji. Mutumin yana cikin hayaniya, ana ta kiransa. Ya ce, "Malam, dubu da ɗari shida na ba ka, yadda na nuna maka. Tana ciki. Ku shiga biyos ku duba, ku bar ni in yi aiki." Ya kashe. Aka sake kira, bai ɗauka ba.

"Kun ji," in ji ƙanena. "Tana ciki. To a fito da ita."

A kara akwai yadda ake raba irin wannan gardama, kuma ita kaɗai ya sani. In ka sayar da bijimi ka ce yana jan guga, mai saye ya dawo ya ce ƙarya ne, ba a rantsuwa, ba a zuwa wurin jandarma. Rijiya mafi zurfi ake zuwa, a kira dattawa, a ɗaura masa igiya a kore shi. Rijiyoyinmu kuwa sai bijimi ya yi tafiya har ya ƙanƙance a ido kafin guga ya leƙo. In ya fito da shi, mai saye ya ba da haƙuri gaban jama'a. In ya durƙushe, dillali ya haɗiye kunyarsa. Ƙanena ya ce haka za a yi wa na'urar. Da aka tambayi mai hoto, ya ce ai abu ne mai sauƙi, ya sha gani a bidiyo, akwai inda ake shiga a ƙara wa memuwar gudu da hannu. Na ce musu wannan ba bijimi ba ne. Ba wanda ya juyo.

Bazara ce, irin wadda kaji ke buɗe baki a inuwa. Shagon kwano ne sama da gefe. Bayan azahar ƙanena ya zo da shaidunsa, dattawan kara biyu da wani Bafillace mai shanu da ya daɗe yana sauka gidansa. Suka cika ɗakin har bantilatar, fankar shagon, ta rasa inda za ta kai iska. Ni na tsaya bakin ƙofa, rabin jikina a rana. Aka ce wurin maza ne. Na ce shagon ɗana ne, sunan ƙanena ne, wanda ya isa ya zo ya ɗauke ni.

Mai hoto ya kunna ta yana ta dannan maɓalli ɗaya, sai wani shuɗin shafi ya fito cike da rubutu. Wannan ne biyos, in ji shi, ɗakin da ake ba na'ura umarni kafin ta farka. A ciki an rubuta dubu da ɗari shida. Na karanta da ƙarfi, zuciyata ta yi sanyi. Mai hoto ya ce a'a, wannan abin da aka gaya mata ne kawai, ɗaya suke da takardar, manhaja ce mai awo. Ƙanena ya ce shi ma ba ya son a wanke shi sama-sama. Inda aka ga ɗari takwas, nan yake son a ga lambarsa.

Aka ɗaga gudun mataki ɗaya. Na'ura ta mutu ta tashi, aka buɗe manhaja. Ɗari tara da talatin da uku.

"Allahu akbar," in ji ɗaya dattijon. "Ta motsa."

"Na gaya muku lalaci ne," in ji ƙanena, fuskarsa ta washe karon farko tun da aka fara zancen. "Ba a taɓa sa ta aiki ba. Ƙara."

Aka ƙara, ta wuce dubu da kaɗan. Bafillacen ya yi dariya ya ce ashe ita ma sai da sanda. Aka sake ƙarawa, sai ta tsaya cik, ƴar kibiyar da ke yawo a ekaran ta daskare. Mai hoto ya ce wuta ce ta yi mata kaɗan, mai gudu sai ya ci, kuma akwai wurin ƙara mata wuta a shafin nan. Da ya ɗaga lambar wutar sai ta koma ja. Na tambaye shi me ya sa ta yi ja. Ya ce ado ne.

Ta tashi, ta kai dubu da ɗari biyu. Amma fankar cikinta ta fara wani irin kuka, iskar da ke fitowa ta bayanta kuma kamar ta bakin murhu. Ɗana ya taɓa ƙarfen ya janye hannu.

"Kawu, a tsaya nan. Aikin mutane na ciki. Bidiyon bikin Kornaka ko taɓa shi ban yi ba."

"Saura nawa?" Ni ƙanena ya tambaya, ba shi ba.

"Ɗari huɗu," na ce. "Kuma na ce a bari. Ba ka jin warin nan?"

"Yaya, bijimi ma sai ya yi kumfa kafin guga ya fito."

"Kawu, na janye. Gaban kowa na janye. Ban ce ka ci komi ba."

"Don tausayin ƙarfe ka janye, ba don ka yarda ba. In na fita nan da dubu da ɗari biyu, gobe a kara za a ce ba rabi na ci ba, rubu'i ne. Ƙara, malam."

Aka ƙara. Ekaran ya yi baƙi, na'ura ta kama kuka tit-tit kamar ɗan tsako. Mai hoto ya zare wani ɗan batir mai kama da dala daga cikinta ya mayar, ta farfaɗo, ta koma ɗari takwas ɗinta kamar ba a yi komai ba. Wannan ya fi komai ɓata wa ƙanena rai. Ya ce a bar hawa mataki-mataki, a kai ta sama kai tsaye, a ba ta wutar duka. Mai hoto ya kama dannawa, don irinsa ba ya cewa ban sani ba gaban dattawa. Na kutsa zan zare wayar wutar daga bango, ƙanena ya tare ni da hannu. Tunda na sauke shi daga bayana bai taɓa tare ni ba.

Ba ta yi wata ƙara ba. Fanka ta juya ta tsaya, ta juya ta tsaya. Sai wari, irin na gashin akuya in ana babbaka. An zare batir an mayar har hannu ya gaji. Ba ta sake tashi ba.

Dattawan suka nemi takalmansu. Ba wanda ya yanke hukunci, don kowa ya san ma'anar bijimin da ya durƙushe a bakin rijiya. Bafillacen ne kawai ya tsaya ya dafa kafaɗar ƙanena, sannan shi ma ya bi su.

Abin da ya biyo baya ba da hayaniya aka yi shi ba. Matan unguwa suka daina leƙowa suna tambayar yaushe zai tafi Maradi. Wata da ta riga ta ba shi sautun keken ɗinki ta aiko ta fasa, wai mijinta zai je. A kara in ya kama igiyar dabba yana yabo, sai wani daga baya ya ce, "Duka ce ko rabi?" a kwashe da dariya. Baƙinsa na arewa suka fara sauka wasu gidaje, ɗaya bayan ɗaya. Ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa. Ya daina zuwa shan fura gidana. Ɗana ya koma cajin salula da fotokofi, ya rufe gawar da tsumma a kusurwa. In na ambaci kawunsa sai ya tashi ya fita.

Ni abin da ya tsaya mini a wuya shi ne na san ƙanena bai ci ba, kuma na san idona bai yi mini ƙarya ba. Biyun nan suka ƙi zama a kaina tare. Da damina ta ɗauke aka gama yankan gero, na ce zan je Maradi a duba mini ido, na sa aka ɗaure mini na'urar a buhu. Ɗana ya ce me zan yi da gawa. Na ce ba ruwansa.

Ban je wurin wanda ya sayar ba, don duk abin da zai faɗa za a ce kansa yake karewa. Na yi ta tambaya har aka nuna mini wani mai gyara a bayan kasuwa, mai furfura a gemu, shagonsa cike da na'urori ciki a buɗe kamar mahauta. Ya kwance ta, ya sunsuna, ya nuna mini inda ya ƙone, baret ɗin da gefen babban allon da yake zaune a kai. Ya ce, "Hajiya, wa ya yi mata wannan aika-aika?" Na ce ban je Makka ba tukuna, sannan na ba shi labari tun daga farko. Da na zo kan ɗari takwas ya fara dariya. Da ya dubi fuskata ya bari.

"Ai daidai take. Mai dubu da ɗari shida, ɗari takwas take nunawa a manhajar nan. Dukansu haka suke."

"Kar ka lallashe ni. Daga nesa nake. Yi mini yadda zan gane."

Ya miƙa hannu ya karɓi maficin da nake fifita da shi, ya kai shi dama ya dawo da shi hagu.

"Sau nawa na kaɗa?"

"Sau ɗaya."

"Sau nawa iska ta taɓa ki?"

"Sau biyu," na ce.

"Da tafiya da dawowa," ya ce. "Haka memuwar nan take. A kowane bugu sau biyu take ɗaukar kaya, ɗaya in bugun ya hau, ɗaya in ya sauka. Manhaja bugun take ƙirgawa, masu takarda kuma kayan suke ƙirgawa. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu."

Ban yarda da baki ba. Na sa ya buɗe manhajar a na'urorin da ke aiki a shagon, ya nuna mini takardar kowacce, na karanta da kaina. Kowacce rabi, har wadda shi kansa yake aiki da ita.

"To da muka kai ta dubu da ɗari biyu fa?"

"Dubu biyu da ɗari huɗu kuka sa ta yi, cikin zafin Dakoro, a ɗakin kwano. Ana ƙara musu gudu, ba haramun ba ne, amma kaɗan-kaɗan, ana gwadawa ana lura da zafi, kuma wutar nan in ta yi ja ba a wuce ta. Lambar da kuke nema kuwa, sai ta ninka abin da aka yi ta dominsa. Ko cikin ƙanƙara kuka sa ta ba za ta kai ba."

Na zauna kan wani kwali. Tun ranar farko cikakkiya ce. Ƙanena abin da aka aike shi ya kawo, ba ragi.

Ɗana na fara gaya wa, a tsakar gida, da mafici a hannuna. Ya gane tun kafin in gama, ya fi ni sanin kayan. Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa. Ban lallashe shi ba. Na ce ya tashi, inda ya zuba maganar can zai je ya kwashe ta.

Ya je fada ya faɗa. Mai hoto ya ce shi dama ya yi zargin haka. Ni kuma ranar kasuwa na shiga kara, cikin kashin shanu da kukan raƙuma, na sami dattawan nan a rumfarsu na yi musu bayani. Sun saurare ni da ladabi. Ɗayan ya ce, "Wato rabi shi ne duka." Na ce ba haka na ce ba, na sake kaɗa mafici. Ya ce, "Allah ya bar zumunci. Wanda duk ya samu yaya irinki ya yi dace." Ban kai bakin kara ba na hangi wani mai awaki yana yi wa abokinsa fifita da hula, suna ƙyaƙyatawa. Sun ga na'ura ta mutu da idonsu. Abin da na kawo kuwa magana ce, kuma daga bakin wadda ta goye shi.

Da yamma muka je gidansa, ni da ɗana. Ɗana ya durƙusa, wannan karon har goshinsa ya kusa ƙasa. Ƙanena ya sa na maimaita bayanin, idonsa kan maficin. Da na gama ya ce:

"Wato iyakar ƙoƙarinta take yi tun farko."

"Tun farko."

"Ni kuma na sa aka yi ta dukanta har ta mutu." Ya shafa gemu. "Ko jakin aro ban taɓa yi wa haka ba."

"Kawu, ka yafe mini."

"Na yafe. Tashi, ƙasa da sanyi." Ya juyo wajena. "Yaya, abu guda nake roƙo. Kar ki sake shiga kara. Sun fara mantawa, yau kin tuna musu."

Ban sake shiga ba. Kafin sanyi ya ƙare ya bar dillanci, ya tattara ƴan bisashensa ya koma wajen dangin matarsa, gaba da Bader Goula. Yana aiko da gaisuwa. In ya shigo Dakoro sayen kanwar dabbobi, bakin ƙofa yake tsayawa mu gaisa, ya ce mota na jiransa.

Da surukata ta haifi namiji, ɗana ya ce sunan kawunsa za a sa. Aka aika masa da goro tun da wuri. Ranar suna da safe wani direba ya sauke rago a ƙofar gida, babba, fari, mai murɗaɗɗen ƙaho, ya ce daga Bader Goula. Na ce mai ragon fa? Ya ce shi dai rago aka ba shi. Duk da haka na ware masa kwanonsa, da hanta da tsoka mai kyau, na rufe na ajiye a ɗaki. Da la'asar ta yi sanyi na fito da shi na ba maƙwabta.

Da yake ba a kama sunan babba a gidanmu, Kawu ake ce wa yaron. Yanzu yana tafiya, yana ta ɓarna. Yini ake ana jin muryar ɗana a tsakar gida: Kawu, zo nan. Kawu, ajiye wannan. Kawu, zo ka ci abinci. Wani lokaci yaron yana zuwa.